Talata: Dell ɗin Yaya da firosesar Nafi'u

Maganar da Yaya ya yaɓa wa ɗansa Nafi'u ɗazu a shagona na gyaran kwamfuta ce ta hana ni barci. Ga shi an ɗauke wuta, ga zafin Birnin Kebbi da ko shimfiɗa a tsakar gida ba ta yi masa magani, sai na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Da safe lafiya lau. Bashari, wanda muke aiki tare, ya riga ni buɗewa, har ya yi shara. Laftof biyu na 'yan Poli, ɗaya ma caja ce kawai ta mutu. Maman Ummi ta aiko da kunu da ƙosai. Ina ta raha da masu shigowa.

Wajen sha ɗaya sai ga Yaya a kan mashin, Nafi'u a baya rungume da kwamfutar shagonsu na Badariya, an naɗe ta da tsohon zane. Ƙaramar Dell OptiPlex 790 ce 'yar Beljiyam da suke buga takardu da ita. Samfurin 2011 ce, firosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar injin, i3-2100 ce, mai cibiya biyu, wato sassan aiki biyu. Ta daɗe tana jan ƙafa, a buɗe Word da burauza tare sai mai jiran takarda ya gaji da tsayuwa. Ashe Nafi'u ya tara ɗan abin da yake samu a cajin waya, ya sa an kawo masa wata firosesa, i5-3470, daga Ikeja, ya kuma ɗaura da kansa jiya da dare bayan babansa ya tashi. Aka kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin.

Tun kafin in ɗauko sukudireba Yaya ya fara, a gaban Bashari da wata yarinya da ta zo karɓar laftof. "Mi nac ce maka? Ka bar abin da ba ka sani ba. Yanzu ga kuɗɗinka sun tahi banza, ka kuma kashe muna abin neman abinci. Kallon bidiyo a waya shi na ilimi?" Yaron bai ɗago kai ba. Can dai a hankali ya ce da ni, "Baffa, wallahi na duba, soket ɗin guda na."

Kuma gaskiyarsa. Da na buɗe na cire fanka, sai da na tsaya ina kallon aikin. Soket ɗin nan LGA1155, wato gurbin da firosesa ke zama, ƙananan allurai 1155 ne a cikinsa, sirara ainun, hannu ya ɗan karkace an lanƙwasa wasu, madabod, wato babban allon da ake jona komai a kansa, ta tafi ke nan. Na haska da fitilar waya na bi layi-layi, ko ɗaya bai taɓu ba. Ya daidaita alamar kusurwa inda ya dace, ya goge tsohon man sanyaya firosesa da ya bushe tas, ya ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake, bai yi ambaliya da shi ba. Ya ɗaure sukurori huɗun nan a gicciye. Na sha karɓar inji daga hannun masu kiran kansu injiniyoyi da ba su yi aiki mai tsabta haka ba. Yaro ɗan aji biyar a sakandare, da fitilar waya, ba wanda ya tsaya a kansa.

Abu ɗaya ya kuɓuce masa, wanda kuma mai sayarwa ya kamata ya tambaye shi kafin ya karɓi kuɗi. Firosesar Intel ta zubi na biyu da ta zubi na uku soket ɗaya suke shiga, amma ba kowace madabod ke karɓar na ukun ba. Ita 790 cifset ɗinta, wato sashen madabod da ke haɗa firosesa da sauran kayan injin, Q65 ne, iyakarta zubi na biyu, su i5-2400 da i7-2600. Ita kuwa 3470 ta zubi na uku ce, tana zama daram a gurbin amma injin ba ya gane ta. Ba ta ƙone ba, ba ta ƙona komai ba. Na mayar da tsohuwar i3, tambarin Dell ya fito nan take.

Na ce, "Yaya, ka gani, ba abin da ya lalace. Yaron nan ya iya aiki." Ya ce, "Allah ya kyauta," ya hau mashin ya ce in an gama a kira shi. Bai ko dubi inda Nafi'u yake tsaye ba.

Bayan tafiyarsa ne bakin yaron ya buɗe. Ashe burinsa ba sauya firosesa kaɗai ba ne, so yake ya yi mata obakulok, ya tilasta ta gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Na shiga BIOS, wato shafin saitin injin, tare da shi muka bi shafi-shafi don ya gani da idonsa: babu wurin. Irin waɗannan injinan na ofis a kulle suke zuwa. Mai son wannan harka sai ya nemi firosesa mai harafin K a ƙarshe, kamar 2500K, da madabod mai cifset irin P67 ko Z68 ko Z77. Ko da ma an bar ƙofar a buɗe, akwatin wutar wannan ƙaramar wat 240 ne kacal, fankarta 'yar mitsitsiya, shagonsu kuma rufin kwano, a garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ya yi shiru yana jinjina kai, sannan ya tambaye ni dalilin da ƙarin gudu ke jawo ƙarin zafi. Tambayar ta yi min daɗi ƙwarai. Muka zauna na yi masa bayanin boltej da abin da na sani.

Na tuna ina da i5-2400 a durowa, wadda na ciro daga wata da ruwa ya cinye wa madabod. Cibiya huɗu, 3.1 gigahaz, tana hawa har 3.4 in aiki ya yi nauyi. Muka yi musaya, na karɓi tasa, don za ta zauna lafiya a Dell 7010 ɗin da ke ƙarƙashin teburina. Na miƙa masa sukudireba na koma gefe. Hannunsa na ɗan rawa da farko, amma ya ɗaura, ya hure ƙurar hunturun da ta toshe ƙarfen sanyaya, ya kunna. Ta tashi. Bashari har da tafi. Na faɗa masa gaskiya cewa rabin nauyin injin daga tsohon had dis ne, duk ranar da aka sa mata SSD, ma'ajiyar nan da ta fi had dis sauri, zai ga abin mamaki.

Yaya bai dawo ba, ɗan acaɓa ya turo.

Na san abin da ke cin Yaya. Da injin nan ake cefane, yini ɗaya ba aiki ba ƙaramin abu ba ne, kuma Windows 10 ɗin da ke kanta Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai firosesa ta zubi na takwas zuwa sama, ga kuɗin sabuwa babu. Duk na fahimta. Amma yaran unguwarsu nawa ne ke tara kuɗi don su sayi kayan cikin kwamfuta? Ya yi ne don ya sauƙaƙa wa ubansa aiki, aka kunyata shi a gaban baƙuwa. Irin wannan ce ke sa yaro ya janye hannu ya daina taɓa komai, kuma in ya daina, asarar ta fi ta firosesa nesa ba kusa ba.

Ni ƙane ne, akwai iyakar abin da zan iya faɗa wa Yaya ido da ido. Gobe in na dawo daga Jega zan biya wajen Hajiya, ita yana jin maganarta. Zan kuma roƙe ta ta sa baki a bar min Nafi'u ranakun Asabar, akwai HP uku a shago da ke jiran a buɗe su.