Yadda na samu katin bashi na dala 2,000 da makina a ƙasa

Sau uku cikin mako guda na nemi katin bashi, sau uku aka hana ni. A lokacin makina na FICO, wato makin da bankuna ke auna amanar mutum wajen biyan bashi da shi, 540 ne. Ga wanda bai zauna a Amurka ba, makin nan daga 300 yake farawa ya tsaya a 850, kuma in kana ƙasa da 580 bankuna ba sa ma son jin sallamarka. Ba na ɗora wa kowa laifi. Na yi wata huɗu ba aiki, biyan bashin mota ya makara fiye da kwana 30 har sau biyu, irin wannan tabo kuwa shekara bakwai yake yi a rahoton bashin mutum.

Ashe kowace nema da na yi sai ta bar sawu. Duk bankin da ya buɗe rahotonka saboda ka nemi bashi ana rubutawa, makin ya ɗan sauka, sawun ya zauna shekara biyu. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Sai wasiƙu suka fara zuwa, wai an riga an amince da ni. Na karanta ɗaya har ƙananan rubutun ƙasa. Iyakar katin, wato ƙarshen bashin da za ka iya ci da shi, dala 300, za su cire dala 75 tun kafin in saye ko allura. Wata dokar Amurka ta 2009 ta hana kuɗin hidimar shekarar farko ya wuce kashi 25 cikin ɗari na iyakar, su kuma suka tsaya daidai bakin layin. Na yaga ta.

Ba don kashe kuɗi nake son babbar iyaka ba. Kusan kashi 30 na makin ya ta'allaƙa ne kan yawan bashin da ke kanka, musamman idan aka gwada shi da iyakar katinka. In ka ci dala 250 a katin dala 300, ka cinye fiye da kashi 80, a ɗauke ka mai shirin nutsewa. Wannan 250 ɗin a katin dala 2,000 bai kai kashi 13 ba. Kuɗin ɗaya ne, kallon da ake maka ne ya bambanta.

Mafitar da na samu ita ce katin jingina: ka ajiye kuɗinka a banki, abin da ka ajiye shi ne iyakarka. Wata biyar na yi ina tara dala 2,000. Matata ta yi ta dariya, wai mutum ya ba banki kuɗinsa sannan ya roƙa a ranta masa. Gaskiyarta. Abu ɗaya na tabbatar kafin in sa hannu, cewa suna kai rahoto ga Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke ajiye rahoton bashin mutane, don in ba sa kaiwa, aikin banza ne.

Batun riba ya hana ni barci. Na san akwai malaman da ke ganin ko sa hannu kan yarjejeniyar bai halatta ba. Abin da na iya shi ne biyan komai kafin ranar biya ta cika, ta haka ko sisi na ruwa bai taɓa hawa kaina ba. Man mota da kuɗin waya kawai nake sawa a katin.

A wata na goma sha ɗaya suka mayar mini da jinginata, suka ɗaga iyakar zuwa dala 3,500. Makina yanzu 662. Tabon motar nan biyu suna nan daram, saura shekara biyar su goge.