Kififiya mai jan kunne: abin da aikin kula da dabbobi ya koya mana

Darasi na farko shi ne, wannan ƴar koriyar halitta mai jan zane a bayan ido, da ake tsarabarta wa yara daga kasuwannin dabbobin ado, ba kunkurun gida ba ce. Namu na Sahel ciyawa yake ci, ya haƙa rami ya fake. Ita kuwa kififiyar ruwa ce daga kwarin kogin Misisifi na Amurka, ba ta ma iya haɗiye abinci sai cikin ruwa. Wanda ya aje ta a tsakar gida ya zuba mata dusa, yunwa ya haɗa ta da ita.

Ana sayenta ba ta fi santimita 4 ba, amma macen tana kai 25 zuwa 30, kuma tana wuce shekara 20. Kwanon sha ba zai yi ba, sai babban baho, zurfin ruwan aƙalla ninki biyu na tsawon ƙoƙon bayanta.

Zafin Maraɗi ne babbar matsala. Ruwa mai digiri 24 zuwa 28 take so, alhali a Afrilu da Mayu muna haura 40. Bahon roba da aka bari a rana kafin azahar ya zama tukunya. A aje shi gindin bedi, inda hantsi kawai ke taɓawa, a sa bulo ya ɗara ruwan don ta hau ta bushe. Hasken da ya ratso gilashin taga bai wadatar ba: in babu rana kai tsaye jikinta ba ya sarrafa sinadarin ƙashi, sai ka danna ƙoƙon ka ji ya lotsa kamar ɗanyar ƙwarya. Kumburin ido kuma yawanci ƙarancin bitamin A ne ko dattin ruwa. Fara, tana, ƙananan kifi, ganyen zogala da garin ɓawon ƙwai suna kare ta daga laushin ƙoƙo da kumburin ido, muddin tana samun rana kuma ana canza ruwa. Da hunturu in ta rage ci, sanyi ne, a shigar da bahon ɗaki da dare.

Kashinta na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo. Dalilin ke nan da Amurka ta hana sayar da ƙananan tun 1975. A wanke hannu da sabulu, kada a zubar da ruwanta a madafa.

In ta gundure ku, kada a kai ta Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa da sunan tausayi. Tana cinye ƴaƴan kifi da na kwaɗi, ta ƙwace wa kififiyoyinmu wurin shan hantsi, kuma macen da ta taɓa haɗuwa da namiji kan ci gaba da saka ƙwai masu ƙyanƙyashewa bayan an raba su.