Yadda Na Rabu Da Motata Domin In Rage Nauyin Bashi

Na yi wata 7 ina juya maganar sayar da motata a zuciyata kafin in iya furta ta a gaban kowa, kuma ko da na furta ɗin, sai da na ƙara wasu makonni kafin in yarda masu saye su zo su duba motar. Bashin da ke kaina ba na almubazzaranci ba ne. Rashin lafiya ce ta shigo gidana a daidai lokacin da wata ƙaramar sana'a da na zuba wa jari ta durƙushe, sai na karɓi rance daga banki domin in toshe ɓarakar biyu, da zaton cewa cikin shekara guda zan sauke shi. Da biyan ya yi mini nauyi na nemi sassauci, aka rage abin da nake bayarwa kowane wata, aka tsawaita wa'adi, ni kuma na ɗauka an yi mini gata. Na ci gaba da biya ba fashi, amma duk lokacin da na duba takardar bayanin asusu sai in tarar uwar kuɗin tana nan kusan inda na bar ta.

Abin da ya farkar da ni shi ne ranar da na zauna da takarda da alƙalami na bi diddigin inda kuɗina suke tafiya. Domin lissafin ya fito fili, bari in ɗauki dukan bashin a matsayin 100. Kuɗin ruwan da ke kansa kashi 24 ne cikin 100 a shekara, wato 2 a kowane wata, ni kuma abin da nake iya biya a wata 3 ne. Ma'anar wannan ita ce, cikin 3 ɗin da nake bayarwa, 2 na tafiya ga kuɗin ruwa, 1 kaɗai ke taɓa ainihin bashin. Da na ci gaba da lissafin har ƙarshe, sai na ga a wannan tafiyar zan ɗauki wata 56 kafin in gama, kuma jimillar abin da zan biya za ta kai kimanin 166. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu lissafin kuɗi suke amfani da ita, wadda masanin nan na Italiya, Luca Pacioli, ya ambata tun 1494: ka raba 72 da adadin kuɗin ruwa na shekara, za ka sami kimanin shekarun da bashi zai ninka kansa idan ba a biyan komai. A nawa bashin amsar ita ce shekara 3. Wato duk watan da na gaza biya, ba tsayawa bashin zai yi ya jira ni ba, girma zai yi.

A ƙofar gida kuma ga mota a ajiye, wadda ita ce kadara mafi tsada da na mallaka, kuma ita tafiyarta ta saɓa da ta bashin: shi yana hauhawa, ita darajarta tana zubewa. Wannan shi ne ɓangaren da na daɗe ina kau da kai daga gare shi, domin zubewar darajar mota ba ta zuwa da rasit. Mutum yana jin zafin kuɗin mai saboda yana zaro su daga aljihu, yana jin na bakanike, amma ba ya jin abin da motar take asara kowace shekara don tsufa da yawan tafiya, sai ranar da mai saye ya taya ta. Na tattara rasit da bayanan banki na wata 12, na haɗa mai, juyen baƙin mai, taya, birki, batir, inshora, sabunta takardu da gyare-gyaren da suka taso ba shiri, sai na ga abin da motar take ci ya kusan ninka abin da na saba faɗa idan an tambaye ni.

Sai dai a nan ma na kusa yin wani kuskuren, kuma Yayana ne ya tsamo ni. Na kai masa lissafin cike da murna, ina nuna masa cewa idan na sayar da motar duk wannan kuɗin zai dawo hannuna. Ya duba takardar ya ce, "To, da ka sayar, tashi sama za ka riƙa yi zuwa wurin aiki? Yaran kuma wa zai kai su makaranta?" Na ce, "Gaskiya ne, Yaya, ban sa wannan a ciki ba." Muka sake zama muka ƙiyasta kuɗin motar haya na zuwa aiki da dawowa, da na yara, da na ɗaukar shata a ranakun da dole sai an yi. Da muka cire wannan daga abin da motar take ci, rarar da ta rage ba ta wuce 1 a wata ba a kan wancan ma'auni na 100. Ba ta kai yadda na yi mafarki ba, amma rara ce ta gaskiya, kuma ita ce ta ɗaga abin da zan iya biya daga 3 zuwa 4.

Kafin in yanke shawara sai da na amsa wa kaina wasu tambayoyi, kuma ina ganin duk wanda ke cikin irin wannan hali bai kamata ya tsallake su ba. Ta farko ita ce ko motar tana kawo kuɗi. Da a ce da ita nake neman abinci, kamar mai haya ko mai kai kaya, ko kuma wurin aikina yana inda motar haya ba ta zuwa, da sayar da ita ya zama sare reshen da nake zaune a kai, domin bashi da kuɗin shiga ake biyan sa. Tawa ba ta kawo ko sisi, sauƙi kawai take kawowa. Ta biyu ita ce ko motar tawa ce gaba ɗaya. Wani abokin aikina ya so ya bi sahuna, amma da muka duba sai muka ga tasa da bashi ya saye ta, takardunta na jingine a wurin waɗanda suka ba shi rancen, kuma abin da ake bin sa a kanta ya fi abin da za ta yi a kasuwa. Da ya sayar, da ya wayi gari ba mota, ga kuma ragowar bashin motar a wuyansa. Na ba shi shawarar ya haƙura tukuna. Ni kuwa na riga na gama biyan tawa, don haka duk abin da aka saye ta zai shigo hannuna.

Na kuma yi tunanin in sayar da ita in sayi wata ƙarama mai araha, in zuba bambancin a bashi. Hanya ce mai kyau ga wanda motarsa ke da tsada sosai, amma da na auna sai na ga bambancin da zai rage mini bai taka kara ya karya ba, kuma tsohuwar motar da ban san tarihinta ba tana iya mayar da ni gareji kowane mako. Na bar wannan shawarar.

Da lissafi kaɗai ne, da na gama cikin mako guda. Abin da ya riƙe ni wata 7 kunya ce. Ina tunanin abin da maƙwabta za su ce idan suka ga wurin da nake ajiye motar babu komai, da yadda zan tsaya a bakin titi ina jiran bas alhali waɗanda na saba rage wa hanya suna wucewa. Na ɗauki motar a matsayin shaidar cewa na kai wani matsayi, rabuwa da ita kuwa kamar sanarwa ce cewa na faɗo. Maiɗakina ce ta warware wannan ƙullin a wani dare da ta same ni a zaune ina ta jujjuya takardu. Ta ce, "Maigida, mutanen da kake jin kunyarsu, akwai wanda ya taɓa biya maka ko na wata ɗaya? Mu da muke cikin gidan nan mun fi son ka yi barci a kan mu shiga mota." Ban ba ta amsa ba a lokacin, amma washegari na fara neman mai saye.

Jinkirin nan ya ci mini kuɗi, kuma ba na ɓoye wannan. Tun a farkon watannin wani ya taya motar a kan abin da ya kai kimanin 70 na bashin, na ce albarka, saboda a raina ina auna ta da abin da na saye ta da kuma abin da na kashe wajen gyaranta. Daga baya na karanta cewa masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Richard Thaler, wanda ya sami lambar Nobel a 2017, ya daɗe da yin bayani a kan wannan ɗabi'a ta ɗan Adam, cewa mutum yakan ɗora wa abu daraja fiye da kima don kawai nasa ne. Mai saye bai damu da tafiye-tafiyen da na yi da iyalina a cikinta ba, bai kuma damu da kuɗin da na riga na kashe ba; shekarunta yake dubawa, da tsawon tafiyar da ta yi, da lafiyar injinta. Cikin watannin da nake jan ƙafa giyar motar ta fara ba da matsala, farashin ya sauko zuwa 65, sannan kuɗin ruwan da na biya a kan kason da sayarwar za ta share tun farko ya kai kimanin 8. Idan aka haɗa, kunyar da na ji ta ci mini fiye da kashi 10 cikin 100 na bashin.

Wajen sayarwar kanta na koyi wasu abubuwa da sauri. Masu saye domin su sake sayarwa suna biya nan take, amma tayinsu yana ƙasa, domin dole su bar wa kansu riba. Wanda zai saya don ya hau yakan biya fiye da haka, sai dai a jira shi, a kuma jure wa masu zuwa kallo. Na zaɓi na biyun, na wanke motar, na gyara ƙananan abubuwa irin su fitila da madubi, amma ban taɓa giyar ba, na gaya wa mai sayen gaskiyar matsalarta muka rage farashi a kan haka. Ban miƙa makulli ba sai da na ga kuɗin sun zauna a asusuna, muka rubuta yarjejeniya da shaidu, aka canja sunan mai mallaka a takardu, na kuma sanar da kamfanin inshora.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne bayan kuɗin sun shigo. Kwana 9 suka yi a asusuna, kuma a cikin kwanakin nan buƙatun da ban taɓa tunawa da su ba suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da hujjarta mai kyau. Na fahimci cewa idan na bar su suka kai wata, zan rasa motar in kuma rasa kuɗinta, bashin yana nan. Na ware 5 na ajiye domin larurar gaggawa, saboda rashin irin wannan ajiyar ce ta kai ni ga cin bashin tun farko, na ɗauki sauran 60 na nufi banki. Kafin in biya na nemi su ba ni a rubuce ko akwai tarar biya kafin wa'adi, na kuma rubuta cewa kuɗin nan a cire su daga uwar kuɗi, kada a lissafa su a matsayin biyan watannin gaba, domin idan aka yi hakan kuɗin ruwa zai ci gaba da hawa kan tsohon adadin.

A nan suka ba ni zaɓi biyu, kuma ina ganin wannan zaɓin ya kai sayar da motar muhimmanci. Ko dai a rage mini biyan wata ya koma kimanin 1.2 a bar wa'adin yadda yake, ko kuma in ci gaba da biya kamar da a gajarta wa'adin. Na farkon ya ja hankalina ƙwarai, domin mutumin da ya daɗe a matse yana marmarin ya sarara. Amma da na lissafa sai na ga a kan ragowar 40 ɗin zan biya kuɗin ruwa kusan 27 idan na bi waccan hanyar, alhali idan na ci gaba da biyan 3 zan gama cikin wata 16 da kuɗin ruwa kimanin 7. Da na ƙara rarar nan ta 1 ya zama 4, sai wa'adin ya sauko zuwa wata 12, kuɗin ruwan kuma kimanin 5. Na zaɓi wannan, na kuma sa a riƙa cirewa daga albashina ranar da ya shigo, don kada hannuna ya kai gare su.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba, kuma ba zan yaudari kowa ba. Zuwa aiki da dawowa ya ƙara cin mini fiye da awa guda a kullum, akwai ranakun da ruwan sama ya dake ni a hanya, akwai kuma daren da zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yata na tsaya a waje da ita a kafaɗa ina neman abin hawa, wanda a wannan daren na yi nadamar sayarwar har cikin raina. Bayan wannan ne muka yi magana da wani maƙwabci da kuma wani direban haya da ke kusa, muka ajiye lambobinsu domin irin wannan larurar, abin da ya kamata in shirya tun kafin motar ta bar gidan. Maganar mutane kuwa da na yi ta tsoro, ba ta wuce mako biyu ba. Wasu sun tambaya na ce na sayar ne in biya bashi, kuma mutum biyu daga cikinsu sun dawo daga baya a keɓe suna neman in nuna musu yadda na yi lissafin.

A wata na 12 na biya kason ƙarshe, na karɓi takardar shaidar cewa ba a bi na komai. Har yanzu ban sayi wata motar ba. Wancan 4 ɗin da na saba biya ban bar shi ya narke cikin hidimar yau da kullum ba, yana tafiya wani asusu dabam kowane wata, rabi domin larura, rabi domin motar da nake fatan in saya da kuɗi hannu idan sun kai.