Sunayen garuruwanmu a bangon Taukkyan

Tun ina yaro a Zariya nake jin ana cewa "yaƙin Bama". A unguwarmu akwai wani tsoho da muke ce wa Baba Soja, mai gadin wani shagon hatsi a bakin kasuwa, wanda duk ranar sallah sai ya maƙala wata tagulla mai siffar tauraro a ƙirjin rigarsa. Mu yara Baman Borno muka ɗauka ake nufi, don ita muka sani. Ya rasu ina aji biyu na sakandare, ban taɓa durƙusawa gabansa na tambaye shi inda ya je ba. Sai da na shekara ashirin da bakwai, a ƙasar wasu, na san abin da na bari ya wuce ni.

A watan Nuwamban 2019 ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi a Malesiya. Sashenmu ya shirya tafiyar kwana huɗu zuwa Yangon, babban birnin Bama na da, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, domin mu ziyarci maƙabartar sojojin yaƙin duniya na biyu a makon da ake tunawa da su. Mu goma sha shida ne, ni kaɗai ne ɗan Afirka. Na biya kuɗin tafiyar ne saboda tana cikin makin darasi. A raina, kaburburan Turawa za mu je mu gano, mu ajiye fure, mu dawo mu rubuta rahoto.

Daren da za mu tashi malaminmu ya raba mana aiki. Ya ce kowa ya shiga shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, ya zaɓi mutum ɗaya, ya zo da sunansa da lambarsa da ranar da ya mutu, domin ba ya son a tsaya a gaban dubban mutane a yi musu shiru a dunƙule. Da ya zo kaina sai ya ce, "Kai naka mai sauƙi ne, rubuta sunan ƙasarku kawai ka gani." Na rubuta. Har aka kira asuba ban rufe kwamfutar ba.

Maƙabartar tana Taukkyan, arewa da Yangon, a bakin babbar hanya. An fara ta a 1951, aka kwaso gawawwaki daga maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw da wasu kaburburan da ke warwatse cikin daji, aka haɗa su wuri guda. Akwai kabari 6,374 na yaƙin duniya na biyu, 867 daga cikinsu ba a san ko su wane ne ba. A tsakiya kuma aka gina dogayen ginshiƙai na dutse, aka buɗe su a 1958, an zana musu sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ko kabarin ba a samu ba. Wurin tsaf yake, ciyawa a aske, furanni a jere, samari da 'yan matan garin suna zuwa shan iska a gefe.

Na bi ginshiƙan ina neman inda aka rubuta rundunar Najeriya. Da na iso, abin da na gani taswirar gida ce. Audu, Garba, Musa, Mamman, Ali, kowanne ga sunan gari biye da shi: Kano, Sakkwato, Katsina, Bauci, Yola, Zuru, Dikwa, Zariya. Ga sunayen Tibi, ga na Yarbawa da na Ibo, ga na mutanen Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya a nasu gefen. Na sa yatsa a kan "Zariya" da aka sassaƙa cikin dutse, dutsen ya ɗau zafin rana, na kasa ɗauke hannuna.

A nan na fara koyon abin da shekara biyu a ɗakin karatu ba su koya mini ba, wato yadda ake karanta suna. Yawancin mutanen nan ba a rubuta su da sunan uba ba. Kurtu ya zo gaban akawu, a tambaye shi suna ya faɗa, a tambaye shi gari ya faɗa, shi ke nan an haɗa masa suna. Wani ma garin da ya faɗa ba nasu ba ne, garin da aka ɗauke shi ne, ko babban garin da ya san Bature zai gane. Wani ba Bahaushe ba ne, amma da yake Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta, sai ya shiga da sunan Hausa. Akwai waɗanda suka tsallako daga ƙasar Faransa, Nijar da Cadi, suka shiga da sunan wani gari na wannan ɓangaren. Saboda haka sunan yana nan a dutse, amma igiyar da za ta kai ka gidansu ta tsinke tun ranar da aka rubuta shi. Baturen da ke kwance can gefe, allon tagullar kabarinsa sau da yawa na ɗauke da shekarunsa da 'yan kalmomin da danginsa suka zaɓa a rubuta masa. Namu suna da gari da lamba.

Mutanen nan ba rakiya suka je ba. Kimanin sojan Afirka ta Yamma 90,000 aka kai wannan fagen, fiye da rabinsu daga Najeriya. An kafa runduna ta 81 a 1943, aka ɗebe ta a jirgin ruwa daga Legas zuwa Indiya, daga nan aka tura ta kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na Bama, ta yaƙi sojan Japan da suka mamaye ƙasar. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Gizon tatsuniya da mutanen Gwalkwas ke kira Ananse. Da adda da diga suka sare hanyar mota mai tsawon mil 75 cikin duwatsu da dajin gora. Abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefo musu da lema. Runduna ta 82 ta biyo baya, tambarinta mashi biyu a gicciye kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne. Dubban mutane a rundunonin biyu 'yan dako ne, su ke ɗaukar harsashi da igwa a warware da masu rauni a ka, inda mota da alfadari suka gaza. Bataliya uku ta 'yan Najeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, aka sauke su da jirgin sama a bayan Japanawa. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung, tsohon birnin da yau ake kira Mrauk U. Ban da harsashi, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga matsattsaku, ga damina mai ruɓar da takalmi a ƙafa.

Sai na tuna sau nawa na wuce ƙofar barikin Chindit a Zariya a kan acaɓa. Barikin Dalet na Kaduna, Dodan da Myohaung da Arakan na Legas, Letmauk na Ibadan, duk sunayen can ne. Muna furta su kullum, har mu ce "gwamnatin barikin Dodan", ba mu san muna kiran sunayen wuraren da kakanninmu suka zubar da jini ba.

Ƙarfe sha ɗaya muka taru a zagayen da ke tsakiyar ginshiƙan. Aka ajiye kambun jan fure, aka yi shiru na minti biyu, sannan kowa ya karanta sunan da ya zo da shi. Ni da wasu 'yan Malesiya uku muka koma gefe muka yi sallama irin ta ziyarar maƙabarta, muka karanta Ƙulhuwallahu, muka roƙa wa Musulmin cikinsu gafara. A jikin zagayen an rubuta bayani da harsuna biyar: Ingilishi, Bamanci, Hindi, Urdu da rubutun Gurmukhi na mabiya addinin Sikh. Na zagaya sau biyu. Babu harshen Afirka ko ɗaya. Ƙarshen rubutun yana cewa sun mutu ne domin duk mutane masu 'yanci.

Wannan jimlar ita ta raba ajinmu biyu da daddare a masauki. Wata 'yar ajinmu, Batamila daga Malesiya, ta ce kakan mahaifinta Japanawa suka kwashe shi aikin titin jirgin ƙasa tsakanin Tailan da Bama, bai dawo ba. Fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu a aikin nan, an yi musu maƙabartu masu kyau. Leburorin Asiya da suka mutu sun kai wajen 90,000, kusan dukansu ba kabari ba suna. Ta ce a wurinta duk wanda ya taimaka aka kori sojan Japan ya yi mata aiki, ko daga ina ya fito. Wani kuma ya ce kalmar sadaukarwa ba ta dace da mutumin da aka mallaki ƙasarsa ba, aka kai shi ya ƙwato wa mai mulkinsa wata ƙasar da ya mallaka. Aka juyo gare ni.

Abin da na faɗa a daren, kuma har yau a kansa nake, shi ne duka biyun gaskiya ne, kuma ba ni da ikon zubar da ɗaya. Akwai wanda ya shiga soja don albashi da kaki, akwai wanda ya karanta labarin Hitila a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya ga yaƙin ya cancanta, akwai kuma wanda hakimi ya ce a kawo mutum kaza daga ƙauye, dagaci ya nuna shi da yatsa. A cikin rami duk ɗaya suke, kowa ya tare wa na kusa da shi. Wanda ya koma ya ɗauko abokinsa a ka harsashi na zuba, bai yi don Sarkin Ingila ba. Wannan sadaukarwa ce ta gaske, ina girmama ta ba tare da wani sharaɗi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki kalmar a lulluɓe bashi da ita. Takardun 1945 da aka tono sun nuna cewa a rundunonin Gabashin Afirka kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata sule uku da sisi. A watan Afrilun 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto cewa a yaƙin duniya na farko aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da Asiya, ba a tuna da su da suna ba, har ministan tsaron Birtaniya Ben Wallace ya nemi afuwa a majalisa. Turawan da suka yi yaƙin Bama suna kiran kansu rundunar da aka manta. To, namu fa?

Mun so a kai mu Kaladan da Mrauk U, aka ce ba hali. Arakan ita ce jihar Rakhine ta yau, inda daga watan Agustan 2017 Musulmin Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, kuma a lokacin da muka je ana ta faɗa a arewacin jihar. Kogunan da mutanenmu suka ƙetare da kaya a ka, wasu ne yanzu ke ƙetare irinsu da 'ya'ya a goye. Na koma Malesiya da wannan a zuciya, ya fi kowane babi na littafi nauyi.

Laifin mantuwar kuwa ba na Bature ba ne shi kaɗai. Duk 15 ga Janairu muna ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a sa fure, a saki tattabaru, a watse. Ranar a da 11 ga Nuwamba ce, aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma akwai hikima a hakan. Amma a duk karatuna na firamare da sakandare ba a taɓa ambata mini Kaladan ba. Da na dawo na sauya batun kundina gaba ɗaya. Malamina ya ce, "Ka sani fa takardu kaɗan za ka samu." Na ce, "Malam, waɗanda suka san labarin ne ke ƙarewa, takarda za ta jira ni."

Da na samu zuwa gida na fara da gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, na yi makonni ina buɗe fayilolin lardi. Amma zaman da ya fi amfanata a zauren gidan Baba Soja na yi shi. 'Yarsa ta fari, wadda yanzu ta haura saba'in, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma.

"Goggo, na zo ne a kan Baba. Na je inda suka yi yaƙi."

Ta dube ni ta daɗe. "Kai ɗan nan, da gaske akwai wurin? Har ka taka?"

Na nuna mata hotunan a waya. Ta shiga ɗaka ta fito da wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki ga tauraron nan mai tsini shida, zarensa ja a tsakiya, shuɗi da ruwan goro a gefe, ya koɗe. Na juya bayansa, ba suna. Ga kuma littafin sallama, ruwa ya taɓa shi, amma lambar tana karantuwa.

Ta ce ba ya son damina, in aka fara ruwa da dare sai ya tashi ya zauna a bakin gado har gari ya waye. Ta ce ba ya cin shinkafa. Kuma duk Juma'a sai ya yi sadakar ƙosai da sunan wani abokinsa, mutumin ƙasar Katsina, da suka shiga jirgi tare a Legas, shi ya dawo a 1946, abokin bai dawo ba. Ta faɗa mini sunan. Na buɗe hotunan ginshiƙan na shiga bi layi-layi, na sami mutum uku masu wannan suna da wannan gari, lambobinsu daban-daban.

"Wanne ne a ciki?" in ji ta.

"Goggo, sai na gwada lambobinsu da ta Baba, na ga wanda suka yi bataliya ɗaya."

"To karanto mini su duka ukun," ta ce, ta gyara mayafinta ta ɗaga hannuwa.