Zazzaɓin da ya ƙi jin magani a Gadarif: a saurari zuciya

A ɗakin duba marasa lafiya a nan Gadarif, gabashin Sudan, idan babba ya zo min da zazzaɓin mako uku ko huɗu, ya rame, jini ya yi ƙasa, saifa ta kumbura, kowa kala'azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, yake fara kawowa, tunda yankin nan gidanta ne. Kafin nan kuma an riga an yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot. Ni sai na ɗora abin sauraro a ƙirji kafin in yarda, domin ƙwayar cuta da ta kama bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, haka take zuwa, da kamannin nan sak.

Masu cutar kashi biyu nake ganinsu. Akwai matasa 'yan shekara 20 zuwa 35, daga unguwanninmu da ƙauyukan noma, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya zame musu zazzaɓin rumatik ya lalata bawul. Su galibi ƙwayar streptokokas ce daga baki da ruɓaɓɓen haƙori, tana ci a hankali. Sai masu wankin ƙoda ta bututun wuya, da masu ciwon suga, da waɗanda aka sa wa bawul na ƙarfe. Tasu ƙwayar stafilokokas ce, ba ta jira: cikin 'yan kwanaki ta huda bawul, huhu ya cika da ruwa. Ko a manyan asibitocin duniya, cikin masu cutar 100 ana rasa 15 zuwa 30 tun ba a sallame su ba, kuma kashi na biyun nan ne ya fi shan wuya.

Abin da na fi tsananta wa ma'aikatana shi ne ɗibar jini a kwalba don gano ƙwayar, kafin allurar farko ta maganin kashe ta. Sau uku, daga jijiya daban-daban, tazarar minti 30, mililita 10 a kowace kwalba, ba ta kanula, bututun ƙarin ruwa, ba. Ba a jiran zazzaɓi ya tashi, don ƙwayar tana cikin jini dare da rana. Mai ciwon da ya sha 'yan ƙwayoyin amoksisilin daga kantin magani, kwalbarsa na iya fitowa fayau, sai a shafe makonni ana harbi a duhu. Idan ta fito fayau ba tare da ya sha komai ba, ina tambayar nonon raƙumi ko na akuya da ba a tafasa ba. Ƙwayar burusela, da ake ɗauka daga irin wannan nono, na son bawul ɗin babbar jijiya, kuma da wuya magani kaɗai ya ishe ta.

Hoton zuciya na eko da ake ɗauka ta kan ƙirji yakan kasa ganin ƙaramin tsiro, wato curin ƙwayoyin da ke manne wa bawul. Wanda ake ɗauka da na'urar da ake zurawa ta maƙoshi ya fi shi ido, balle ga bawul na ƙarfe. In babu komai amma zargi na nan, a sake bayan kwana 5 zuwa 7.

Magani ta jijiya ne, mako 4 zuwa 6, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara fitowa babu ƙwaya. 'Yan uwa kan nemi sallama da zarar jiki ya yi sanyi, nan ake dogon lallashi da dattijon gida. Makonni biyun farko su ne na fargabar shanyewar ɓarin jiki, musamman in tsiron ya kai milimita 10. Ina duba ECG, zanen bugun zuciya, a kai a kai, don wata tazara a zanen da ake kira PR in ta fara tsawo, alama ce mugunya na taruwa a gindin bawul. In ana ba da allurar jentamaisin kuwa, a riƙa auna ƙoda, don tana iya taɓa ta.

Kusan rabin masu cutar sai an yi musu tiyata. Cibiyar Salam da ke Soba, kusa da Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta buɗe a 2007, kyauta take aikin zuciya, amma da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyar Khartum ta zama jidali, don haka ranar da na tabbatar da cutar nake fara neman inda za a tura mutum, ba sai numfashi ya gagara ba.

Wanda ya warke ko yake da bawul na ƙarfe, ina rubuta masa a kati: amoksisilin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin a cire masa haƙori.