Aikina da Masu Jego a Tudun Wada

Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato masu gyaran jiki ta hanyar gashi da motsa jiki, ina da ɗan wurin motsa jiki na mata zalla a Tudun Wada, Kaduna. Yawancin masu zuwa mini masu jego ne, kuma kukansu ɗaya: an yi suna, an yi arba'in, amma ciki na nan kamar ba a haihu ba. Wata ta sha shayin rage tumbi har ta gaji, alhali ba kitse ba ne.

Akwai tsoka biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, da jijiya a tsakaninsu. Juna biyu ke buɗe jijiyar nan. Nakan kwantar da mace rigingine, ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗago kai kaɗan, in sa yatsu saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka shige, tsokar ta rabu. Wani bincike a Norway a 2016 ya samu haka ga kashi 60 cikin 100 na mata mako 6 bayan haihuwa, bayan shekara kuma wajen kashi 33.

Da numfashi muke farawa. "Hajiya, saki iska a hankali, ki ja cibiya ciki, ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari." Wannan ke tada tsokar can ciki mai kewaye ƙugu. Sai zame diddige a kwance, sai ɗaga ƙafa ɗaya. Duk motsin da ya sa tsakiyar ciki ya yi tozo, mukan dakatar da shi.

Abin da ya fi damuna gida ne. Mace ta yi ƙoƙari a nan, ta koma ta ɗauki jarkar ruwa, ta yi daka, ta zabura daga gado ba ta juya gefe ba. Shi ya sa nake roƙon a zo mini da uwa ko uwar miji, su ji da kunnensu. Ɗaurin ciki da zani ban hana ba, yana tallafa wa baya, amma ba ya ƙarfafa tsoka, kuma tamkewa sosai na danna mara.

Abu ne na watanni, tun ranar farko nake faɗa, ko da zan rasa ciniki. Wadda aka yi wa tiyata sai likitanta ya yarda. Wadda kuma na ga kumburi mai zafi a cibiyarta, ba na taɓa ta, asibitin Barau Dikko nake tura ta.