Sarkin da aka tono a filin ajiye motoci

Daga tashar St Pancras ta Landan zuwa Leicester tafiyar awa ɗaya da ɗoriya ce a jirgin ƙasa. Na sauka ana yayyafi, na taka zuwa tsakiyar gari, inda a 2012 aka tono ƙasusuwan Sarkin Ingila Richard na Uku a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci.

Yanzu gidan tarihi ne a wurin. An rufe ramin da gilashi, kana tsaye kana leƙa shi ƙarƙashin takalminka. Kabarin ya yi masa kaɗan, sai da aka jingine kansa a gefen rami. Ba akwatin gawa, ba alamar likkafani. Haka aka yi da sarkin Ingila bayan Henry Tudor, wanda ya karɓe sarautar, ya ci shi da yaƙi a Bosworth ranar 22 ga Agusta, 1485. Shekara 2 kacal ya yi a karaga, ya mutu yana ɗan 32, da raunuka 11 a jiki, 9 a ƙoƙon kai.

Yawancin mutane ta wasan kwaikwayon Shakespeare suka san shi: mai doro, mai shanyayyen hannu, yana ƙulla kisa yana murmushi. Na daɗe gaban kwafin ƙwarangwal ɗinsa. Ƙashin bayan ya lanƙwashe gefe, kafaɗar dama ta ɗan ɗara ta hagu, abin da riga mai kyau za ta rufe. Hannayen kuwa lafiya lau. To, Shakespeare a zamanin Elizabeth ta Ɗaya ya yi rubutu, ita kuma jikar Henry ce. Wa zai wanke mutumin da kakan sarauniya ya tumɓuke?

Sai dai masu ƙaunarsa na yau, da ke wanke shi daga kowane laifi, su ma sun wuce gona da iri. Ƙashi bai faɗi inda 'ya'yan wansa biyu suka shiga ba, Edward na Biyar mai shekara 12, wanda ya gaji sarautar ubansa, da ƙanensa, waɗanda aka ajiye a Hasumiyar Landan a 1483, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Amanarsu a hannunsa take, kuma shi ya haye karagar. Ni dai ban wanke shi ba.

Na tsallaka titi zuwa babbar majami'ar garin, inda aka sake binne shi a Maris 2015 ƙarƙashin wani farin dutse. Wasu masu cewa danginsa ne sun so a kai shi birnin York da ke arewacin Ingila, har aka je kotu, a 2014 alƙalai suka bar wa Leicester.